Ruwan da Na Tura

Ni ne Mati, ɗan garuwa.
Jarka goma sha biyu a kura,
taya ɗaya na kuka kamar ƙyauren tsohon zaure.
Tun ladan bai gyara murya ba
nake raba wa Kurna ruwa.

Na san gidan da ake biya nan take,
na san na Inna Tasalla, mai cewa sai Juma'a,
na san randar da ke da murfi
da wadda akuya ke leƙawa.

Sai ga Agusta. Sama ta kwana uku tana zuba,
kwata ta cika ta tumbatsa.
Masan gidan Barau ya ɓalle ta ciki,
shiru, ba wanda ya ji,
ya bi ta ƙarƙashin ƙasa taku goma sha biyar
ya je ya gaisa da rijiyar da nake ɗiba.
Na leƙa, na ga fuskata tar.
An ce ido ya san kima,
amma akwai abin da ya fi ƙarfin ganin kowa.

Talata, Ilu yaron tela ya kwanta.
Laraba, Uwani mai ƙosai da jikarta.
Amai, da zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa,
ido ya faɗa rami,
fata in an tsunkula ta ƙi komawa.
Wasu suka ce iska, wasu suka ce jifa,
a-daidaita-sahu na ta jigila zuwa Asibitin Zana.
Uwani ta dawo da ƙafarta.
Hajjo, 'yar shekara huɗu,
mai ɗarewa kurata in jarkoki sun zama fanko,
ita a zane aka dawo da ita unguwa.

Malama Lantana ta zo da littafi da biro,
takalminta duk taɓo.
Ba ta tambayi wa ya yi wa wani baki ba.
Me kuka ci? Ina kuke zagawa?
Wa ke kawo muku ruwa?
Gida tara, amsa ɗaya.
Ina tsaye a bakin layi na ji sunana
sau tara, kamar ana jifana da tsakuwa.

Na zaci 'yan sanda za ta kira.
Sai ta ce: zauna, Mati.
Kwalara ba ta da ƙafa, aro take yi.
Ta ari hannun da bai ga sabulu ba,
ta ari ƙuda, ta ari moɗa,
wannan karon ta ari tayarka.
Mai aro kuwa, in an hana shi,
a nan yake mutuwa.

Mai unguwa ya sa aka rufe rijiyar da kwano da dutse.
Na wanke jarkoki da kulorin har tafina ya yi fari.
Yanzu burtsatse nake zuwa, can bayan makaranta,
layi dogo, hanya hawa,
na ƙara kuɗi, ana ta yi mini tsiwa.

Ina sauke jarka ina surutu:
a tafasa na sha, a rufe randa,
a wanke hannu in an fito daga bayan gida.
In ciki ya ɓare, kar a jira gari ya waye,
ruwan gishiri da sukari, kurɓi bayan kurɓi,
a kama hanyar asibiti ana ba shi yana sha.
Inna Tasalla ta ce na zama likita babu allura.
Na ce, Inna, bashi nake biya,
kuma nawa ba ya jiran Juma'a.

Da magariba nakan turo kura gida.
Babu nauyi, sai ƙarar fanko.
Har yau in na zo ƙofar Uwani
hannuna da kansa yake rage gudu,
kamar akwai mai hawa.