Miƙo Gishiri

Shekara ashirin da uku ina jan tarago a birnin Lodz,
layi na goma sha biyu, daga asuba zuwa azahar.
Na san kwanar da ƙarfe yake kuka,
na san mashayin da ke barci a kujerar baya,
na san mai sauka bai biya ba tun daga tafiyarsa.
'Yata ce kawai ban sani ba.

Jagoda.
Shekararta goma sha shida, watan da ƙanƙara ta fara zuba.
Muna shan miyar kabeji, ta ajiye cokali,
ta ce, "Baba, akwai wata, sunanta Kalina.
Ba ƙawa ba ce kawai."
Ban daka mata tsawa ba. Da ma tsawar na yi.
Cewa na yi, "Miƙo gishiri."
Ta miƙo.
Wata bakwai gishirin nan yana zaune tsakaninmu.

A makaranta an rubuta mata kalma da jan fenti
a murfin akwatin littattafanta.
Malamin lissafi ya gani, ya gyara tabarau, ya wuce.
Iyayen Kalina suka kwashe 'yarsu zuwa wani gari,
suka canja mata lambar waya.
Duk wannan daga baya na ji.
A lokacin, abin da na gani
shi ne tana kurkure baki kafin ta gaishe ni,
kwalbar da na ɓoye don Kirsimeti
an sha rabi an cike da ruwan famfo,
ƙwayoyin barcin marigayiya uwarta
suna raguwa ɗai-ɗai kamar haƙoran tsoho.
Na ce ƙuruciya ce, za ta wuce.
Mai barcin ƙarya, ko ganga ba ta tashinsa.

Ƙarfe uku na dare waya ta yi ƙara.
An tsince ta a bayan tsohuwar masaƙa,
inda yara irinta ke taruwa suna jin ɗumin juna,
takalmi ɗaya a ƙafa, leɓɓanta sun yi shuɗi.

Nas ɗin da ke aikin dare, Bozena, mai kaurin hannu,
ta ba ni shayi a kofin roba.
Ta ce, "Irinta sun fi sauran 'yan mata zuwa ɗakin nan.
Kada ka ɗora wa son laifi.
Ba shi ke kai su ga kwalba ba,
abin da ake yi musu a kansa ne."
Na so in ce ni ban yi mata komai ba.
Sai na ji yadda maganar za ta fito, na haɗiye ta da shayin.

Da gari ya waye Jagoda ta buɗe ido.
Ta ce, "A can kaɗai ake kiran sunana ba a taɓe baki ba.
Kuɗin shiga, ka sha abin da aka miƙo maka.
In na sha, muryar da ke kaina tana lafawa.
Taka ce, Baba.
Kuma ba ta cewa komai."

Yanzu duk Alhamis tana zuwa wajen mai ba da shawara.
Sau biyu ta koma ruwa, ba zan ɓoye ba.
Ni ma har yau harshena bai gama koyon tafiya ba.
Layina take hawa, ta zauna a bayana,
ina ganin rabin fuskarta a madubi.

Makon jiya, muna jiran danja ta ba mu hanya,
na ce, ban waiwaya ba,
"Ita Kalinar, wace irin yarinya ce?"
Shiru.
Can ta ce, "Tsoron tattabaru take ji."
Ta yi wata 'yar dariya ta hanci, irin ta uwarta.

Fitila ta koma kore.
Motoci suna ta oda a baya,
ni kuwa na manta inda hannuna yake zuwa.