Sunayen Masu Surutu

Ni ne monitan aji, shekara uku cur,
jan biro a aljihu, ido kamar na shaho.
Malam na fita, kowa ya buɗe baki na rubuta.
Yau saura kwana tara mu bar makarantar nan ta Kaltungo,
ga shi na sake yago falle daga littafin Lissafi.
Wannan karon babu bulala a ƙarshensa.

Na ɗaya, Yila.
Kai ka cinye mini rabin tawada.
Ranar da kububuwa ta fito daga bayan allo
ka ɗare tebur kana ihu da yaren Tangale,
Bappayo na amsa maka da Fillanci,
mu kuwa duk mun gane, ba tafinta.

Na biyu, Shamsiyya ta layin gaba,
da ta gyara wa Malam Gidado amsa a bainar jama'a.
Ya tsaya, ya goge alli a wandonsa,
ya ce, "To, zo ki karɓi albashin."
Muna dariya har aka buga ƙarfe,
tsohuwar ƙafar motar nan da ke rataye a dogonyaro,
mai yanke mana hira, ba ta taɓa yanke yunwa ba.

Ɗakin gwaji a allo muka san shi.
Malama Rifkatu ta zana kwalba, ta zana wuta a ƙarƙashi,
ta ce mu rufe ido mu ji wari.
Lamela ya rantse ya ji.
Na rubuta shi, na uku.

Daminar da iska ta yaye mana rufi
sati shida muna karatu a gindin tsamiya,
Dutsen Kilang na leƙenmu kamar sufeto,
awaki na cin takardar wanda ya yi gyangyaɗi.
Ba wanda na rubuta a lokacin.
Ina ake kama surutu a fili?

Hashimu, ka bar mu a aji biyar
da ciwo ya kwantar da babanka.
Kujerarka muka ɗora wa bokitin ruwa.
Har yau in ka wuto da fasinja a babur
sai ka danna oda sau uku a bakin ƙofa,
ajin ya kaure.
Kai ma ka shiga, ko ba ka nan.

Bari in faɗi gaskiya tun da sauran lokaci:
na sha karɓar awara in goge suna.
Ƙuli-ƙuli biyu, rabin laifi.
Saratu, ke ban karɓi komai ba,
hannuna ne kawai ya ƙi.

Sai Dija.
Shekara biyu kina kusa da taga,
ban taɓa samun dalilin rubuta ki ba.
Ko da zazzaɓin ya tsananta, ba ki yi ƙara ba.
Ranar Litinin aka kira rajista,
Malam ya kai kan lambarki ya yi shiru, ya tsallake.
Wannan shirun ya fi duk surutunmu nauyi.
Yau na sa ki. Ki yafe mini jinkiri.

Mun gama Wayek, Neko ta kusa ƙarewa.
Wani na mafarkin Zariya, wani gonar gyaɗa na jiransa,
wasu ko kuɗin fom ba su haɗa ba.
Fararen rigunanmu sun cika da sa hannu,
iyaye za su yi faɗa, omo ba zai fitar ba.

Arba'in da bakwai muka shigo, talatin da tara za mu fita.
Na duba takardar, saura layi ɗaya.
Wanda ya fi kowa surutu, bai taɓa shan bulala ba
don biron na hannunsa:
Zakariyya Maikano.

Na ninke ta huɗu.
Ba malamin da zan kai wa.
Ku yi ta magana, jama'a,
ku ɗaga murya yadda kuke so,
Baba mai gadi bai zo da kwaɗo ba tukuna.