Ƙofar da Keken Ya Manta

Bakin tafkin Huron ya daskare tun shekaranjiya,
jirgin fito ya tafi hutu, sai ƙanƙara ta saki ruwa.
Ni ina ɗakin baya da keken surfani,
shi yana ta surutu, ni ina ta hamma.

Na ɗaure takardar nan mai narkewa a zobe,
na ja ta har ta amsa kamar fatar ganga.
Farin zare a sama, fari a ƙwarƙwaro.
Ɗinki dubu goma sha takwas, in ji allon keken,
minti arba'in da ɗaya.
Kafin shayina ya huce
ga saƙar gizo, ba a ga gizon ba.

Tarkon mafarki guda sittin mai shagon gaɓa yake so
kafin baƙi su cika Manitoulin da kyamarori.
Kuɗin wuta ba ya jiran kowa ya farka.

Na tsoma leshin a kwanon ruwan ɗumi.
Takardar ta yi yauƙi, ta saki, ta ɓace,
abin da ya riƙe shi duk ya tafi,
zare ya rage yana riƙe da zare.
Na shanya shi a tawul, na danne da tafin hannu.

Kakata Philomene tana kusa da murhu,
yatsunta sun lanƙwashe
kamar saiwar da ta ci karo da dutse.
Ta ce, miƙo.
Ta ɗaga shi saitin taga, ta rufe ido ɗaya,
ta daɗe.
Ta ce, ina ƙofar?

A tsakiya fure ne, cunkus, ɗinki kan ɗinki,
haka na sayi zanen, dala huɗu,
daga wata mata da ban san garinsu ba.

Ta ce, mugun mafarki ya maƙale, hasken safe ya ƙone shi,
wannan kin iya.
To, na alherin ta ina zai bi?
Kin tare ɓarawo, kin tare baƙo.

Na ce, Kaka, ado ne fa,
a madubin mota za su rataya shi.
Ta ce, mai tuƙi ba ya mafarki?
Miƙo almakashi.

Sau uku yana zame mata.
Ban taimaka ba, na san halinta.
Furen ya faɗo kan siket ɗinta kamar ɓawon albasa,
bakin ramin ya fara warwarewa,
ta bi shi da allura, ƙulli bayan ƙulli,
har keken ya gama na biyu, ya gama na uku,
ita tana kan rami ɗaya.

Tana ɗinki tana magana da zaren:
nawa na jar tsumagiyar bakin fadama ne da jijiyar barewa,
bai fi tafin hannu ba.
Na uwarki ya bushe ya karye tana shekara shida,
daidai lokacin da ta daina kuka da dare.
Don ya karye ake yin sa.
Naki kuwa, zoben ƙarfe, zaren roba,
zai ga jikokin jikoki.
Ban san ko yabo ba ne, ban tambaya ba.

Kawu Alphonse ya bar mana gashin agwagwar daji a gwangwani,
ta zaɓi ɗaya, mai ɗan karaya a baki.
Mun rataya shi saman gadon Waabigwan,
ramin ya ɗan karkace hagu.
Yarinyar ta zura yatsa ciki, ta yi dariya, ta yi barci.

Da dare na buɗe zanen,
na goge furen.
Ɗinki dubu da ɗari tara suka fita.
Yanzu keken yana gamawa minti huɗu da wuri,
mai shago ba zai lura ba.

Saura hamsin da bakwai.
Waje dusar ƙanƙara tana sauka a hankali,
allura tana zagaya wurin da babu komai.