Tagar Gwangwani

A gidan wasan da ke gindin tudu, a Valparaíso,
inda ƙarnin kifi ke shigowa ta ƙofar baya,
na shekara uku ina riƙe wa Eulogio tsani.
Shi a sama cikin fitilu, ni a ƙasa, wuya ya ƙage.

Yana da tsohon akwatin biskit cike da faya-fayan ƙarfe,
kowanne bai kai tafin hannu ba.
Wannan ganyen daji, wannan ruwan sama,
wannan sandunan kurkuku.
Biyun can, in aka juya su tare, teku ne.
Ya ce, "Yarinya, haske bebe ne,
sai kin tare masa hanya yake magana."

Darasin farko ya ƙona mini yatsu biyu.
Na biyu: a saka faifai kai a ƙasa, dama a hagu,
don gilashin fitila mai juya zance ne,
abin da aka ba shi a kife, shi yake miƙewa tsaye.

Sai aka kawo wasan wata tsohuwa mai jiran jirgin ɗanta.
Nolberto, mai shiryawa, ba shi da kuɗin katako,
ya ce a ba shi taga a bangon hagu, ko wace iri.
Tagogi bakwai muke da su a akwati.
Eulogio ya ɗaga su ɗaya-ɗaya, ya mayar, ya rufe.

Da dare na same shi a ɗakin kaya,
ya feɗe gwangwanin giya a kan allo,
tabarau a ƙarshen hanci, 'yar wuƙa a hannu.
Gida shida ya yanke. Na ƙasa ya karkace,
kuma a kusurwa ya bar tsini kamar kunnen kyanwa.
Na ce, "Hannunka ya goce."
Ya ce, "Kafintan ne ya sha a ranar.
Tsinin kuwa tukunyar furen mahaifiyata ce."
Gidan, gobara ta cinye shi tun ban zo duniya ba,
shi da layin gaba ɗaya, can saman tudu.

Ranar buɗewa na ɗaga wutar a hankali,
talatin, arba'in, na tsaya.
Taga ta tsiro a baƙin bango,
rawaya irin ta la'asar sakaliya,
ƙurar dandamali tana iyo a cikinta.

A layi na bakwai wata mata ta miƙe tsaye.
Ana ta "zauna, zauna," ko gezau.
Da aka watse ta zo har gindin tsani,
jaka a ƙirji, ta ɗaga kai:
"Wa ya ba ku tagar gidan Berríos?
Muna daura da su.
In rana ta taɓa gidan nan karkatacce, nake ɗora tukunya."
Eulogio bai sauko ba.
Ni dai na ji tsanin yana rawa a hannuna.

Gwangwani ba ya jure wuta.
Kwana huɗu ya lanƙwashe, furen ya narke.
Ya feɗe wani. Ya sake feɗe wani.
Nolberto ya ce a aika Santiago a zuba ta a ƙarfe mai ƙarko,
ya ƙi, ya ce wancan karon ba wanda ya sake gina ta.

Yanzu yana ta rufe masa ido, ni ke yanka.
Yakan bi ramukan da babban yatsa, ya tsaki:
"Kin cika daidaitawa. Karkata shi."
In karkata, in hau tsani, in saka ta a kife.
Shi a ƙasa, yana riƙe mini,
fuskarsa tana neman inda ɗumi yake.