Baƙuwar Tanki

A Tromso, rana ta yi wata guda ba ta leƙo ba.
Na fito daga kantin Eivind da leda a cikin rigar sanyi,
na manna ta a ƙirji kada ƙanƙara ta ji labari.
A cikin ledar, furen teku,
wanda suna kawai ya ara wajen fure:
dabba ce mai baki ɗaya,
ba ido, ba ƙashi, sai yatsu jajaye masu harbi.
Ta tsuke, ta yamushe, kamar kauɗar tumatir.

Sunniva, jikata, tana zaune a kan matakala.
Kwananta tara a gidana,
kalmomin da ta faɗa ba su kai tara ba.
Uwarta na kwance a asibitin Oslo.
Na ce, kashe mini fitilar tanki. Ta kashe.

Muka ɗora ledar a kan ruwa, bakinta a ɗaure,
minti ashirin tana lilo
har ɗumin ciki da na waje suka gaisa.
Sai bokiti, sai siririn tiyo da na ƙulle a tsakiya,
ruwan tanki na sauka, ɗis, ɗis, ɗis.
Gishirin can ba gishirin nan ba ne,
ko da harshe ya rantse ɗaya suke.
Wanda ya juye mata sabon teku lokaci guda
gawa zai tsamo da safe.

Shekara talatin ina gyaran injin jirgin fito.
Abin da ya ƙi ji, guduma nake ba shi.
Yau hannuna biyu a aljihu,
yarinya ce ke ƙirga ɗigo da leɓe.

Da awa ta cika na sa safar hannu,
na ɗauke ta a tafi, ban bari iska ta taɓa ta ba,
na kai ta kogon dutsen da na share mata tun kaka,
tsakiyar gilashi, inda kujerata ke kallo.
Na rufe bakin famfo da soso kada ya zuƙe ta.

Cikin dare ta kumbura, ta sace, ta kumbura,
ta furzo wani zare mai ruwan ƙasa.
Na buga wa Eivind waya.
Ya ce, ƙafarta na riƙe da dutse? Na ce e.
Ruwan na wari? A'a.
To je ka kwanta. Abinci ma sai bayan kwana uku.

Gari ya waye, in wannan duhun wayewa ce.
Kogon wayam.
Da ƙafarta ɗaya tilo ta yi tafiyar dare,
ta zaga bayan dutse, ta fuskanci bango,
ta bar ni da kallon yashi.
Na naɗe hannun riga.

Kaka, kar ka ɓamɓare ta, ƙafar za ta yage.
Ita ta san inda ruwan bai fi ƙarfinta ba.

Na tsaya, ruwa na bin gwiwar hannuna.
Ɗakin sama da na shafe mata da fenti rawaya
har yau ba a kwanta a gadonsa ba.
Ta ja katifa zuwa ɗakin tsofaffin komaye,
kusa da tukunyar ɗumama gida,
ni kuma kullum ina cewa, haba, ga ɗakinki can.

Ta hau sama, ta sauko da ɗan madubin uwarta,
ta zura shi tsakanin tanki da bango.
Ga ta nan. Ta buɗe kamar tafin hannu,
kan kowane yatsa ya yi ƙululu,
kifin nan mai ruwan lemo da farar ɗamara
yana ta shawagi, yana neman iso.

Rana ta biyar, guntun jatan lande a bakin hantsaki.
Yatsu suka karɓa, suka naɗe, suka kai ciki.
Sunniva ta ce, ta ci.

Yanzu kowace safiya ina ƙara hasken fitila kaɗan,
kaɗan ƙwarai, yadda ba za ta lura ba.
Kujerar ma na jawo ta gefen bango.
Jiya na sauko da fitilar karatu daga ɗakin rawaya,
na ajiye a ƙofar ɗakin komaye,
ban ƙwanƙwasa ba.