Laima Ja

Shekara tara ina wanke faranti a jirgin ruwa,
jirgin da ya fi unguwarmu yawan ɗakuna.
Duk gaɓar da muka tsaya da hantsi
sai fasinjoji su rabu biyu, kamar an ɓare goro.

Wasu a manna musu lamba a ƙirji,
su bi wata yarinya mai ɗaga laima ja.
Ta ce a dubi hagu, su dubi hagu,
ta ce minti goma, su sha shayi a tsaye.
Waɗannan ba a taɓa barin su ba.
Ko motarsu ta mutu a hanya, jirgi zai jira,
don kuɗinsu na aljihun mai jirgi.

Wasu kuwa su zura takalmi su faɗa gari,
ba jagora sai hanci da ƙafa.
Na ga tsohon da ya dawo da ƙarnin kifi a riga
yana dariya shi kaɗai har dare.
Na kuma ga mata da miji a bakin gaɓa
suna ɗaga hannu, an riga an kwance igiya,
ruwa na faɗaɗa tsakaninmu kamar gaba.

Ni ban taɓa zaɓa ba. Faranti na jirana.

Yau ga ni a Zariya, kwana biyu rak,
jibi da asuba sai motar Ikko.
Uwaisu, ɗan ƙanin babana, ya wanke mota tun duku-duku,
ya zana tsari a bayan takardar kuɗin wuta:
ƙarfe tara Kufena, sha ɗaya Samaru,
azahar gidan Gwaggo Lantana,
la'asar sababbin titunan da ban gani ba.
Ya ce, "Gari ya sauya, kai baƙo ne yanzu,
kar ka ɓata a mahaifarka, a yi da mu."

Na dubi takardar. Laima ja ce, ba ko tantama.
Na ce bari in sayo reza in dawo.

Da ƙafa na shiga ta Ƙofar Doka.
Inda muke sayen alewa ya koma shagon cajin waya.
Na yi dama inda tunanina ya ce hagu,
lungu ya miƙa ni ga lungu,
wata akuya ta raka ni, ta gaji, ta koma.
Sai ga rimi, sai ga zaure,
ga dattijo da babbar riga a cinya,
allura na nitsewa tana tasowa,
aska takwas, an ci rabi, saura rabi.
Bai tambaye ni ɗan gidan wa ba ne.
Ya matsa, ya bar min gefen tabarma,
ya ce, "Kama min bakin nan, ya cika zamewa."
Na kama.
Wata biyar ke nan yana kanta, in ji shi,
mai rigar ma ya daina aike.
Muka yi azahar a masallacin da ban san sunansa ba,
muka dawo, na sake kamawa.
Waya na ta ɓari a aljihuna kamar mai zazzaɓi.

Sai bayan magariba na gano hanya.
Uwaisu na zaune a kan mota, bai ɗago ba.
Ya rufe shago yini guda saboda ni,
ya sha mai na dubu goma sha biyu.
Wannan ba ya cikin abin da tsohon nan mai ƙarnin kifi
yake yi wa dariya.

Gwaggo ta yi barci a kan sallaya, carbi a hannu.
A gefenta kwano, an rufe da faifai,
an ɗora dutse don kyanwa.
A can, wanda ya makara, ruwa yake tararwa.
A nan, tuwo ne ya huce,
man shanu ya daskare a kan miya.

Na ci duka, har na suɗe.
Gobe zan bi Uwaisu, ya ce hagu in dubi hagu.
Amma ga wani guntun zare, kore,
ya maƙale a gefen farcena,
ban cire ba.