Daren Da Janareto Ya Yi Shiru

Gidan Baffa Kwairanga ne, ni tsaro kawai nake,
ɗaki huɗu da rumfa, a gefen ruwan Dadin Kowa.
Baƙi kan iso ran Juma'a da jakunkuna masu taya,
Lahadi su kama hanyar Gombe,
su bar mini tsakar gida fari fat da ledar ruwa
kamar gonar audugar da babu mai tsinka.

Shekara bakwai ina sharewa, ina turawa bayan katanga.
Ban taɓa tambayar inda iska ke kai su ba,
sai ran da akuyar Iya Tabawa ta kwanta ta ƙi tashi.
Mahauci ya farke tumbin muna tsaye,
ya zaro leda, ya zaro leda, ya sake zarowa,
har da mai tambarin shagon da nake sayo wa baƙi.
Iya ba ta ce mini uffan ba.
Gara a ce ta zage ni.

Da Dudu 'yar Baffa ta dawo daga karatu a Kashere
na faɗa mata.
Ta zauna kan turmi da biro tana lissafi:
jarkar gas nawa a wata, buhun ruwa nawa a mako.
Ta ce, "Kawu Jatau, gidan nan ci yake ya fi samunsa."

Muka fara da randa.
Biyu manya, ginin matan Gwani, muka binne gindinsu a yashi,
muka sa matata da moɗa, da kofi ga kowane ɗaki.
Ruwan wanka da ke bin lungu yana tara sauro
na haƙa masa hanya da fartanya
zuwa gindin ayaba da zogale.
Ɓawon lemo da ragowar shinkafa, rami.
Wata uku suka zama baƙar ƙasa mai ƙanshin damina.
Ƙarƙashin kwano muka shimfiɗa zana,
yamma da ɗakuna na dasa darbejiya biyar,
awaki suka ci biyu.

Farantan hasken rana su suka cinye kuɗin.
Baffa ya sayar da bijimi, ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwata.

Baƙon farko bayan gyara wani mai tabarau ne daga Abuja.
Ya dubi randa kamar ta ci masa bashi,
ya tambayi na'urar sanyi, na nuna masa fanka da taga.
Tsakar dare ya buga mini ƙofa:
"Malam, a kashe injin nan mana, ya hana ni barci."
Na fito, na kasa kunne.
Kwaɗi ne.
Kwaɗin bakin dam, dubu a kan dubu,
waɗanda janareto ya danne wa murya shekara bakwai
har ni ma na manta suna nan.

Ya yi tsaye, hannu a ƙugu, sai dariya ta ƙwace masa.
Ya ce in ba shi tabarma.
A rumfa ya kwana, da asuba na tarar da shi
yana ƙirga balbelu a kan reshe
da yatsa, kamar yaro.

Ba duka aka gama ba.
Watan Agusta hadari kan rufe sama kwana uku,
batir ya suma, in lallaɓa in ja igiyar tsohon
ina sunkuyar da kai kamar mai satar kaza.
Wasu baƙin har yanzu da ledarsu suke zuwa.
In tsince, in tara a buhu, in ɗaure baki.

Amma jiya na sari nonon ayaba na farko,
na ɗauka a kafaɗa na tsallaka gidan Iya Tabawa.
Ta karɓa, ta juya shi, ta dubi bayana.
'Yar akuyar da marigayiyar ta bari
ce ta biyo ni tana jan ganyen.